Bangaskiya: Mu Ke Bayarwa Ko Mu Ake Bai Wa?

Wata Lahadi bayan an tashi daga sujada, muna zaune a ajin baftisma a bayan majami'armu da ke Sabon Gari, an ɗauke wuta kowa na fifita da littafin waƙoƙi, sai wata yarinya 'yar sakandare ta ɗaga hannu. Ta ce, "Malam, ɗazu fasto ya ce bangaskiya baiwar Allah ce, ba yin mutum ba ce. Amma kullum ana ce mana mu ba da gaskiya. Wanda aka ce ya bayar ai yana da abin a hannunsa ke nan. Yaya za a yi ni ce mai bayarwa kuma ni ce ake bai wa?"

'Yan ajin suka yi dariya. Ni ban yi ba, domin tambayar da ta yi ita ce wadda ta tara bishop-bishop a majalisu, ta raba ikilisiyoyi, aka shekara ɗaruruwa ana ja-in-ja a kanta. Ita kuwa ba daga littafin kowa ta ɗauko ba, daga cikin Hausarta ta tono ta. Na ce ta ba ni mako guda.

Bangaskiya kalma biyu ce aka ɗinke, wato "ban" da kuma "gaskiya", ƙirarta ɗaya da ban ruwa, ban kwana, ban girma, ban haƙuri. A duk waɗannan mutum ne mai miƙawa. Masu juya Littafi Mai Tsarki zuwa Hausa, wanda ya fito cikakke a 1932 bayan doguwar wahalar da Likita Mila na Zariya da abokan aikinsa suka sha, wannan kalma suka riƙe maimakon imani ta Larabci. Shi ya sa har gobe a Kano Musulmi zai ce imani, Kirista ya ce bangaskiya, alhali a kasuwa ɗaya suke cefane. Kalmar ta dace, sai dai ta zo da ƙulli a cikinta: harshe ya tsayar da kai a matsayin mai bayarwa, koyarwa kuma ta zaunar da kai a matsayin mai karɓa. Amma a lura da wani abu. In an yi shari'a a gaban mai unguwa aka ce an ba wane gaskiya, ba wai an ƙara masa abin da ba shi da shi ba ne. Da ma gaskiyar tasa ce, amincewa kawai aka yi. Tun daga nan ƙullin ya fara sassautawa.

Ayar da faston ya karanta ita ce Afisawa 2:8-9, inda Manzo Bulus yake cewa ta wurin alheri aka cece ku, ta hanyar bangaskiya, wannan kuwa ba daga gare ku ba ne, baiwar Allah ce, ba sakamakon ayyuka ba, don kada kowa ya yi fariya. Duk rigimar tana kan kalmar "wannan". Me take nunawa? A Hausa suna ko dai namiji ne ko tamace. Girkanci, harshen da Bulus ya yi rubutu da shi, yana da jinsi na uku, ba namiji ba, ba tamace ba. Alheri da bangaskiya duka tamata ne a Girkanci, "wannan" ɗin kuwa da jinsi na ukun ya zo. Don haka masana da yawa suka ce ba bangaskiya ita kaɗai yake nunawa ba, dukan al'amarin ceton ne tun daga tushe har reshe. Abin mamaki, Kalbin kansa, babban malamin Furotesta na ƙarni na 16, wanda ake jingina wa koyarwar cewa kome daga Allah yake, a sharhinsa na wannan aya cewa ya yi ceto ne baiwar. To amma in dukan kayan kyauta ne, ai igiyar da aka ɗaure shi da ita ma tana ciki. Ga kuma wasu ayoyin da ba su bar wurin kewaye-kewaye ba. Filibiyawa 1:29 ta ce an ba ku gata biyu, ku gaskata da Almasihu, ku kuma sha wuya dominsa. A Yohanna 6:44 Yesu ya ce ba mai iya zuwa wurinsa sai Uba ya jawo shi. Lidiya mai sayar da tufafi masu tsada a Filibi ta zauna tana sauraron Bulus a bakin kogi, amma Ayyukan Manzanni 16:14 ta ce Ubangiji ne ya buɗe zuciyarta.

Abin da Bulus yake yaƙa a fili yake, fariya. Mu kuwa Kanawa mun san bambancin ciniki da kyauta fiye da kowa. In ka je Kantin Kwari ka taya turmin atamfa aka sallama maka ka biya, ba ka bin mai shago godiya, haƙƙinka ka ɗauka. In kuwa babban mutum ya aiko maka da riga, ba ka tambayar kuɗinta, yin haka cin fuska ne. Abin da za ka yi shi ne ka ba ɗan aike tukuici, ka sa rigar ka je gaisuwa. Yaba kyauta tukuici, in ji mutanenmu. Tukuici ba farashi ba ne, wanda kuma ya hana shi ya nuna bai san darajar abin da aka ba shi ba. Haka nake fahimtar maganar Yaƙub cewa bangaskiyar da ba ayyuka matacciya ce. Baiko, zakka, ziyarar marasa lafiya, riƙon amana a wurin aiki, duk tukuici ne. Wanda ya ɗauke su kuɗin saye ya mai da Allah ɗan kasuwa.

A nan Afirka aka fi dafa wannan magana. Agustin, haifaffen Tagaste a 354, a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, bishop na Hippo, da farko shi ma ra'ayin mafi yawanmu yake da shi: mutum ne ke fara gaskatawa da kansa, sannan Allah ya ɗora masa alheri. Da bakinsa ya faɗa daga baya cewa ya yi kuskure, abin da ya juya shi kuwa tambayar Bulus ce a 1 Korintiyawa 4:7, me kake da shi wanda ba karɓa ka yi ba? Sai ga wani malami mutumin Birtaniya, Felajiyus, mai tsananin kamun kai, wanda lalacin Kiristocin Roma ya dame shi. Ya ji an karanta wata addu'ar Agustin da ke roƙon Allah ya ba da abin da ya umarta, sannan ya umarci abin da ya ga dama, sai ransa ya ɓaci. A ganinsa in Allah ya ce ka yi, to za ka iya, sauran magana uzuri ne na malalata. Ban ga laifin damuwarsa ba, duk mai koyar da matasa ya san ta. Amma majalisar bishop-bishop da aka yi a Kartaj, a Tunisiya ta yau, a 418 ta ƙi koyarwarsa, domin in mutum zai iya da ƙarfinsa, mutuwar Almasihu ta zama ƙari kawai.

Bayan haka wasu masu zaman ibada a kudancin Faransa ta yau suka nemi tsaka-tsaki: takun farko namu ne, sauran tafiyar Allah ne ke ɗaukar mu. Wannan shi ne ainihin maganar da muke yi a titi, "Allah ya ce tashi in taimake ka", wadda mutane da dama suke zaton aya ce, alhali babu ta a Littafi Mai Tsarki. Agustin ya amsa musu da littattafai biyu a 428 zuwa 429, yana tsoho, saura kaɗan ya rasu a 430 maƙiya na kewaye da birninsa. Na biyun a kan baiwar jimrewa ya rubuta shi. Shekara ɗari bayan nan, a 529, majalisar bishop-bishop a garin Oranj na Faransa ta yau ta yanke cewa har mafarin bangaskiya da marmarin gaskatawa aikin alheri ne, ta kuma la'anci ra'ayin cewa Allah yana ƙaddara wa wani aikata mugunta.

To sai mu naɗe hannu mu jira? Nan ne amsar da na kai wa yarinyar ta fito. Na ce ta dubi masu noman rani a Kura da Kadawa. Manomi yana ban ruwa da gaske, shi ke tashi da asuba, shi ke fasa bakin kwali da fartanya, in ya yi barci tumatirinsa ya ƙone. Amma ruwan daga madatsar Tiga ya gangaro, Tiga kuwa damina ce ta cika ta. Bayarwarsa gaskiya ce, abin bayarwar kuma ba shi ya yi shi ba. Allah ba ya gaskatawa a madadinki, ke ce za ki gaskata, da hankalinki da yardarki. Sai dai idon da kika gani da shi buɗe miki aka yi. Bulus ya haɗa biyun a numfashi ɗaya a Filibiyawa 2:12-13: ku yi ta aikin cetonku da tsoro da rawar jiki, gama Allah ne ke aiki a cikinku, ku yi nufi ku kuma aikata. Bai ce rabi naku rabi nasa ba. Kuma baiwar tana da magudanar da take bi, Romawa 10:17 ta ce ta wurin ji take zuwa, jin maganar Almasihu. Wanda ya daina karatu, ya daina zuwa sujada, ya ce yana jiran baiwa, ya toshe kwalinsa ne yana kukan fari.

Ta ce, "To wanda ruwan bai kai gonarsa ba fa, Malam?" A nan Kiristoci suka rabu. Agustin da magadansa sun ce Allah yana zaɓa bisa hikimar da ta fi ƙarfin bincikenmu, ba ya kuma zaluntar kowa. Yohanna Wesli, wanda ya kafa Metodis a ƙarni na 18, ya ce akwai alherin da ke riga kowa, yana ƙwanƙwasa kowace zuciya, mutum kuma yana iya ƙin buɗewa, ya kafa hujja da 1 Timoti 2:4 cewa Allah yana so kowa ya sami ceto. Maƙwabtanmu Musulmi ba baƙin wannan tambaya ba ne. Malamansu sun yi ta fama da Jabariyya masu cewa tilasta wa bawa ake yi, da Ƙadariyya masu cewa shi ke halittar aikinsa, kuma kowane ɗan makarantar allo ya san shiriya ta Allah ce. Addinan biyu sun sha bamban ƙwarai a kan ko wane ne Yesu da yadda ake samun ceto, kada a rufe wannan da fara'a. Amma duk inda aka ce Allah ne mai iko, mutum kuma abin tambaya ne, wannan ƙullin sai ya taso.

Sai rabi na biyu na maganar, wanda ya fi zafi: in an ba ka bangaskiya, za ta zauna? Kalmar Girkancin da muke juyawa da jimiri ko jimrewa asalinta zama a ƙarƙashin kaya ne. Ka tuna ɗan dako a Dawanau da buhun masara a ka, gwiwa na rawa, bai yar ba har ya kai bakin mota. Ba haƙurin wanda ya rasa yadda zai yi ba ne, tafiya ce da nauyi a ka.

Littafi Mai Tsarki yana magana da murya biyu a nan, kuma rashin gaskiya ne a ɓoye ɗaya. Murya ta farko ta kwantar da hankali ce. Yohanna 10:28-29, ba mai ƙwace tumakin daga hannun makiyayin. Filibiyawa 1:6, wanda ya fara kyakkyawan aiki a cikinku zai kammala shi. Ƙarshen Romawa 8, ba mutuwa ba rai da zai raba mu da ƙaunar Allah. Murya ta biyu gargaɗi ce mai sa tsikar jiki tashi. Ibraniyawa 6:4-6 tana maganar waɗanda aka haskaka, suka ɗanɗana baiwar sama, sannan suka fanɗare. Matiyu 24:13, wanda ya jure har ƙarshe shi ne zai tsira. Ga irin da ya faɗa kan dutse ya tsiro da wuri, rana ta yi ya bushe. Ga Dimas, abokin aikin Bulus, wanda ya bar shi saboda ƙaunar duniya.

Agustin ya ce jimrewa baiwa ce ta biyu, ana iya ba mutum bangaskiya ba a ba shi ita ba, ba wanda zai bugi ƙirji sai ya ga ƙarshensa. Majalisar Tirent ta Katolika a 1547 ta kira ta babbar baiwa, ta ce ba mai cikakken tabbacin samunta sai in an yi masa wahayi na musamman, wanda ya faɗi kuma yana da hanyar komowa ta furta zunubi. Almajiran Arminiyus, wani malamin Furotesta a Holan, sun rubuta ƙorafinsu kan koyarwar mabiyan Kalbin a 1610, suka bar wannan batu a buɗe, daga baya suka ce mai bi na gaske yana iya faɗuwa. Taron da mabiyan Kalbin suka yi a garin Dot daga 1618 zuwa 1619 ya mayar musu da martani cewa zaɓaɓɓu suna iya yin mummunan tuntuɓe, amma Allah ba zai bari su hallaka ba, wanda ya tafi bai dawo ba kuwa 1 Yohanna 2:19 ta riga ta faɗa, da ma ba namu ba ne. 'Yan Luta, mabiyan Martin Luta na Jamus, suka tsaya wani wuri dabam: bangaskiya baiwa ce ɗungum, amma mutum yana iya yar da ita. In ka zaga Sabon Gari da safiyar Lahadi duk za ka ji waɗannan muryoyi ta lasifika, Baftis galibi suna wa'azin tabbacin ceto, Metodis da Assemblies of God suna jan kunne a kan ja da baya, ko da masu sauraron ba su taɓa jin sunan Dot ba.

Ni dai abin da ya fi kwanta mini labarin jirgin ruwan Bulus ne a Ayyukan Manzanni 27. Mutum 276 a cikin hadari, Allah ya yi alkawari ba ran da zai salwanta. Da matuƙan suka so su sulale a ƙaramin kwalekwale, Bulus ɗin nan da ya isar da alkawarin ya ce wa sojoji, in waɗannan ba su zauna ba, ba za ku tsira ba. Sojoji suka yanke igiya, kowa ya kai gaɓa. Alkawarin ya cika, ta hanyar gargaɗin kuwa ya cika. Gargaɗin Ibraniyawa ba kishiyar Yohanna 10 ba ne, sandan makiyayin ne.

Akwai kuma wurin da duk ɓangarorin suke haɗuwa ko sun ƙi ko sun so, wato a kan gwiwa. Hujjar Agustin mafi ƙarfi daga Addu'ar Ubangiji ya ɗauko ta: in jimrewa a hannunmu take, me ya sa muke roƙo kada a kai mu cikin jaraba? Ba a roƙon mutum abin da ba shi ne mai bayarwa ba. Ban taɓa jin ɗan Metodis ya durƙusa ya ce na gode wa kaina da na tsaya ba, ban kuma taɓa jin ɗan Baftis ya ce wa ɗansa yi abin da ka ga dama tun da an cece ka ba. A gidan makoki a cikin gari za ka ji ana cewa Allah ya sa mu cika da imani, a namu mu ce Allah ya riƙe mu har ƙarshe.

A Kano maganar jimiri ba ta littafi ba ce. A 1893 samari uku suka sauka Ikko da nufin kawo bishara ƙasar Hausa. Kafin 1894 ta ƙare Walta Gowans ya rasu a Girku, Tomas Kent ya rasu a Bida, Roland Bingham kaɗai ya koma gida, sai a yunƙuri na uku aka kafa tasha a Fategi a 1902. Daga wannan aiki ikilisiyar ECWA ta fito a 1954, da asibitin idon da mutanen Kano na kowane addini suka sani. A 1900 Bishop Tugwel da Likita Mila suka iso Kano, Sarki Alu ya sallame su cikin 'yan kwanaki. Waɗanda suka yi shukar binne ba su ga ruwan ba, waɗanda suka girba kuma, a ƙauyukan Maguzawa na kudancin jihar musamman, ba su suka shuka ba. Ba mai abin fariya a cikinsu.

Namu zamanin ya zo da nasa. Oktoban 1991, lokacin da zuwan mai wa'azi Bajamushe Reinhard Bonnke ya tayar da tarzoma. Ranar 29 ga Afrilun 2012, da aka buɗe wa masu sujada wuta a tsohuwar harabar Jami'ar Bayero. Bom ɗin tashar mota ta New Road a Maris 2013, da na majami'ar St. Charles a Yulin 2014. Wutar ba ta zaɓi gida ba, harin 20 ga Janairun 2012 da na Babban Masallacin Juma'a a Nuwamban 2014 sun ci Musulmi masu yawan gaske, duk wanda ya zauna a garin nan a shekarun ya san haka. Wani dattijon ikilisiyarmu, wanda maƙwabcinsa Musulmi ya ɓoye shi kwana biyu a ɗakin matarsa a 1991, in matasa suka ce ya ba da shaidar jaruntakarsa sai ya girgiza kai. Ya ce, "'Ya'yana, ni fa a ranar ko addu'a ban iya ba, haƙorana kawai ke haɗuwa. Ba ni na riƙe ba, ni aka riƙe." Na fi gaskata wannan shaida a kan ta masu hawa bagadi suna ba da labarin yadda ba su ji tsoro ko kaɗan ba.

Duk da haka, a abin da na gani, ba bom ne ya fi zare mutane daga bangaskiya ba. Tarzoma kan cika majami'a ma. Abin da ke cin mutum shi ne na yau da gobe, kamar gara a azara. Yarinyar da ta kai shekara talatin ba manemi a cikin 'yan'uwa masu bi. Saurayin da aka dubi sunansa a wani ofishi aka ce Bahaushe kuma Kirista, yaya aka yi haka? Sannan ya shiga wata majami'ar a yi masa kallon baƙo don ya zo da babbar riga da hula. Sabon tuban da danginsa suka janye hannu, ikilisiya ta yi masa tafi ranar farko, wata uku bayan nan ba mai tambayar inda yake kwana. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare, gaskiya ne, amma wani lokaci mu ne muke ɗauke miyar.

Akwai wata koyarwa da ta cika gari wadda nake ganin ta fi kowace lalata wannan batu, mai mai da bangaskiya kamar jari: ka zuba iri, ka furta, ka karɓa, in ba ka warke ba bangaskiyarka ce ta gaza. Wannan Felajiyus ne ya dawo sanye da kwat. Ta mai da baiwa aiki, ta ɗora wa mara lafiya kaya biyu, ciwo da laifi. Mutumin da ya kawo ɗansa mai farfaɗiya a Markus 9:24 cewa ya yi, na gaskata, ka taimaki rashin bangaskiyata, Yesu kuwa bai kore shi ya je ya ƙaro ba. Ibraniyawa 11 ma, surar jaruman bangaskiya, ta lissafa waɗanda suka rufe bakin zakoki da waɗanda aka tsaga da zarto, ta ba su shaida iri ɗaya.

In kana so ka san ko ikilisiya ta yarda da gaske cewa bangaskiya baiwa ce, kada ka karanta kundin koyarwarta, ka duba yadda take yi da wanda ya faɗi. A shekara ta 250 Sarkin Roma Disiyus ya ba da doka kowa ya yi hadaya ga gumaka ya karɓi takardar shaida. A Kartaj Kiristoci da yawa suka yi, wasu suka sayi takardar da cin hanci ba tare da sun yi hadayar ba. Bishop ɗin garin, Sifiriyan, shi kansa ɓuya ya yi, aka yi ta yi masa gori. Da ƙura ta lafa waɗanda suka faɗi suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofa. Wani malamin ikilisiya a Roma, Nobatiyan, ya ce a rufe, ba su da sauran wuri. Wasu suka ce a buɗe kawai ba tambaya. Majalisar da Sifiriyan ya tara a 251 ta bi tsakiya, a karɓe su bayan tuba da horo gwargwadon nauyin abin da kowa ya yi. Shi wanda aka ce matsoraci ne, a 258 aka sare masa kai bai musanta ba. Wanda ya yanke masa hukuncin matsoraci a 250 da ya yi kuskure da shekara takwas.

Tushen wannan sassauci yana Luka 22:31-32. Yesu ya gaya wa almajirinsa Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi ya sheƙe su kamar alkama, amma na yi maka addu'a kada bangaskiyarka ta ƙare, in ka juyo ka ƙarfafa 'yan'uwanka. A daren nan Bitrus ya yi musu sau uku. Ƙarfin halinsa ya ƙare tun kafin zakara ya yi cara, abin da bai ƙare ba addu'ar da aka yi masa ce.

Mu ma muna da horo. Wanda ya yi laifi a fili dattawa sukan dakatar da shi daga Jibin Ubangiji, a wasu wuraren ya koma bencin baya na wasu watanni. Ban ƙi horo ba, ikilisiyar da ba ta tsawatarwa ba ta ƙauna. Abin da na ƙi shi ne kallon da ake bi mutum da shi, da yadda benci biyu na gabansa kan zama wayam kamar mai cuta ya zauna. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, ba ya ishi wane ɗaga hanci ba.

Bara wani mutum ya dawo mana bayan shekara shida. Yadda ya tafi kowa ya sani, ba sai na faɗa ba. Ya shigo ana waƙar farko, ya zauna can ƙurya kusa da ƙofa, kansa a ƙasa. Mutane suka riƙa waiwaye suna taɓa juna. Sai wata tsohuwa 'yar Zumuntar Mata, wadda shekara da shekaru wurin zamanta a layin farko yake, kuma daga Brigade take takowa da ƙafa in ba ta sami adaidaita ba, ta shigo da ɗaurin zumuntarta ta tsaya a kansa. Ta ce, "Ɗana, matsa mini in zauna, yau ƙafar nan ba za ta kai ni gaba ba." Ya matsa. Ta buɗe littafin waƙoƙinta ta miƙa masa gefe ɗaya ya riƙe, wai idonta ba ya ganin ƙananan baƙaƙe, ya nemo mata lambar.